Wanda Ya Ga Faɗuwata

Masu bin labarin nan, na ga saƙonninku. Wata ta rubuto wai me ya hana ni neman sunan likita a waya. Yarinya, Allah ya shirye ki! Labarin 1988 nake ba ku, mulkin soja, lokacin da sabulun wanki ma sai an yanka shi biyu ake saye. Wace waya? A duk Nasarawan Doya rediyo ne kaɗai ke magana, shi ma in an samu batir.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Sisiliya, 'yar Yunana manomin rake. A lokacin shekarata ashirin da ɗaya, an sa ranar aurena da Ilisha a watan Disamba, kuma ina da farfaɗiya. Shekara biyar ina faɗuwa, ba wanda ya sani sai mu uku: ni, da Baba, da Mama Talatu.

Za ku ce yaya aka yi muka ɓoye? Aikin Mama ne. Ni ina jin zuwan abin. Wani abu yakan taso mini daga ciki zuwa maƙogwaro, sai ƙaurin ƙonannen gashi ya cika mini hanci. Da na kira "Mama!" da wata irin murya, ta gane. Sai ta ja ni ɗaki, ta kwantar da ni a tabarma, ta lulluɓe ni da tsohon zanenta na zumuntar matan coci tun daga kai har ƙafa, ta fita ta ja ƙofa. Daga nan ta kama taɓarya tana daka, ko da ba komai a turmin, tana rera waƙar coci da ƙarfi don kada a ji bugun ƙafata. Maƙwabta har yabonta suke yi, wai Talatu mace ce mai ibada.

Kofina ma daban ne. Na silba ne, Mama ta ɗaura masa jan zare a mariƙi, saboda kowa a garinmu ya yarda ta miyau ake ɗaukar ciwon. Ko ita da ta haife ni ba ta sha da shi. Ban taɓa yi mata ƙorafi ba, amma wallahi kowace rana sai ya sosa mini rai.

Sau ɗaya tak abin ya riske ni a waje. Watan Maris na shekarar da ta gabata, ina dawowa daga kai wa Baba abinci gona, a wata siririyar hanya tsakanin gonakin rake. Na farka na gan ni kwance ta gefe, an naɗe buhun taki an sa mini a ƙarƙashin kai, an ajiye kwanona a tsaye. Na duba gabas da yamma, ba kowa. Na yi wata guda ina jiran gari ya ɗauka, shiru. Ban faɗa wa ko Mama ba, na bar wa cikina.

Da aka shiga damina ta shekarar aurena, ciwon ya ƙara ƙarfi. Da sai in yi wata uku lafiya, yanzu sau biyu a wata. Kuma gidan da za a kai ni, gida ɗaya ne da uwar Ilisha, Mama Veronica, shugabar zumuntar mata. Matar da ta taɓa hana 'yarta zama benci ɗaya da wata yarinya mai irin ciwona, har iyayen yarinyar suka daina kawo ta coci. A gidanta wa zai lulluɓe ni? Wa zai yi mini daka?

Wata safiya Baba ya kira mu zaure, ya rage murya.

"An gaya mini akwai wani likita a Kaduna, allonsa ya kai girman ƙofar nan. Allura uku, shi ke nan. Ku tafi, in an tambaya ku ce sayen kayan ɗaki za ku."

Muka tafi. Mama ta ɗaura atamfarta 'yar Kaduna mai ganye-ganye, ni na sa rigar Kirsimeti. Allon kam yana nan, an jera cututtuka a kai kamar kayan kanti. Mutumin ko ɗaga kai bai yi ya dube ni ba. Mama tana cewa "farfaɗiya" ya hau rubutu. Minti biyar ba mu yi ba. Muka dawo da ƙwayoyi a ƙunshin takarda da fanteka ɗaya a matsayin kayan ɗaki, ta rufa asiri. Mako biyu ina shan maganin ina barci kamar gawa, har a tsaye nake gyangyaɗi. Ranar kwana na goma sha shida na faɗi a bakin murhu, tafasasshen ruwa ya tsallake ni da ƙyar.

A ranar na ce ya isa. Ran kasuwar Maƙarfi na sulale, na shiga wurin Malam Lawal, tsohon malamin asibiti mai furfura wanda ya yi wa rabin garinmu lambar rigakafi tun muna jarirai. Na durƙusa har ƙasa.

"Malam, ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yata. Ina gajiya? Ya Yunana? Ya Talatu? Ya ruwa a wajenku?"

"Ruwa ya yi gyara, Malam."

Sai kuka ya ƙwace mini. Ya bar ni na yi mai isata, sannan na faɗa masa komai. Na nuna masa ragowar ƙwayoyin Kaduna, ya juya su a tafin hannu ya girgiza kai.

"Wannan ciwon ya fi ƙarfina, kuma ba aikin kowane likita ba ne. Akwai masu karatun ƙwaƙwalwa da jijiyoyi musamman. Da su uku ne a wani asibiti a Zariya, biyu sun tafi Saudiyya tun da albashi ya daina kai wata. Saura ɗaya, Likita Ashafa, ran Talata kawai yake zama." Ya jawo takarda yana rubutu. "Bari in ba ki awo, ki riƙe shi ko ina kika je. Likitan da ya rubuta miki magani kafin ya tambayi yadda kike faɗuwa, ki gaishe shi ki tashi. Wanda ya dame ki da tambaya har kika gaji, ki zauna."

Baba da ya ji, tsalle ya yi.

"Zariya? Inda 'yan garin nan ke kai da kawowa kullum? Ki zauna a layin masu ciwon kai kowa na kallonki? Gara a koma Kaduna a ƙaro allura."

Ban taɓa yi wa Baba musu ba sai ranar. Na ce, "Baba, wancan bai ma san kalar fuskata ba. Ni wurin mai tambaya za ni."

Ya kalle ni, sannan ya ce wa Mama, "Ki raka ta."

Talata da sassafe muka shiga motar Zariya. Shingen soja biyu muka wuce, a na biyun aka sauke mu duka aka zazzage buhunan barkono. Ba mu isa ba sai da rana ta ɗaga. Layin kuwa, hmm. Wani tsoho hannunsa na rawa, wata mata an goyo ta kamar jaririya, kowa riƙe da kati. Ni dai kaina a ƙasa, ina addu'ar kada in ji an kira sunana da muryar garinmu.

Likita Ashafa siriri ne, da farin gilashi, wuyan rigarsa har ya soma cinyewa. Ya gaishe da Mama kamar ya san ta. Ya haska mini ido da 'yar tocila, ya buga mini gwiwa da wata ƙaramar guduma ta roba, ya sa na yi tafiya a kan layin siminti. Sannan ya fara tambaya. Yaushe ya fara? Na taɓa buguwa a kai? Me nake ji kafin ya zo? Da na ambaci ƙaurin gashi, ya ajiye biro ya gyara zama. A raina na ce, Malam Lawal, ga mutuminka.

Sai ya juya wurin Mama.

"To Mama, ke kike tare da ita. In abin ya zo, me ke fara motsi? Hannu ko fuska?"

Mama ta kau da ido. Ya ƙara tambaya.

"Kanta yakan juya? Dama ko hagu? Idonta a buɗe ko a rufe?"

"Likita, ni dai... rufe ta nake yi."

"Rufe ta?"

"Da zane. Sai in fita."

"Shekara biyar? Ko sau ɗaya ba ki tsaya ba?"

"Ba zan iya kallo ba," in ji Mama. "'Yata ce."

Bai yi mata faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya cire gilashin ya murza ido.

"Mama, farfaɗiya iri-iri ce, kowace da maganin da ya fi karɓarta. Na'urar da za ta nuna mini ta tsaya tun bara, ba kayan gyara a ƙasar. Abin da ya rage mini shi ne idon wanda ya gani. Ina iya ba ta magani da ka, yadda aka yi muku a can, amma ba na so. Kuma ki daina rufe mata fuska, wata rana numfashinta zanen zai tare." Ya dube ni. "Ki kawo mini wanda ya ga faɗuwarki daga fari har ƙarshe. Talata mai zuwa. Ba zan ɓoye miki ba, ita ce ta ƙarshe da zan zauna a nan, ni ma tafiya zan yi."

Jama'a, kun taɓa jin wanda ya roƙi Allah ya kayar da shi? Ni na yi. Shekara biyar ina addu'ar kada in faɗi, makon nan kuwa durƙusawa nake ina cewa, Ya Uba, yau ɗaya dai, a gaban Mama. Na sa ta yi mini alkawari za ta tsaya ta kalla. Ta yi alkawarin tana kuka. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Ciwon da ke zuwa ba sallama ya ƙi leƙowa. Na ƙi cin abinci, na tsaya cikin rana, na shaƙi hayaƙin murhu da gangan. Ko ciwon kai ban yi ba.

Na tuna mai buhun taki. Akwai mutum ɗaya a duniya da ya gani, amma wane ne? In bi gida-gida ina tambaya wa ya ga 'yar Yunana tana shure-shure a hanyar gona?

Ku 'yan yanzu kuna da waya, mu littafin waƙoƙi muke da shi. Ni da Ilisha duka muna ƙungiyar mawaƙa, in an tashi daga koyo sai mu yi musayar littafi kamar bisa kuskure, wasiƙa na ciki. Ilisha dogo ne, baƙi, ba ya son yawan magana. Yana da injin matse rake na doki, mazarƙwailarsa har Kano ake kai ta. Wasiƙarsa ta ranar Alhamis layi biyu ce: "Kin rame. In laifi na yi, ki faɗa mini."

Ranar Asabar na yagi takarda daga tsohon littafin makaranta. Na gaji da ƙarya, na gaji da fanteka. Na rubuta:

"Ilisha, ba kayan ɗaki muke zuwa saye ba. Ina da farfaɗiya, shekara biyar ke nan. Likitan Zariya ya ce ba zai ba ni magani ba sai na kawo wanda ya ga faɗuwata, kuma babu. Talata zai tafi. Ba zan shiga gidanku da wannan a ɓoye ba. In ka janye ban ga laifinka ba, roƙona kawai ka rufa mini asiri."

Na sa a littafin, na miƙa masa. Ran Lahadi bayan sujada ya maido mini. Na ruga bayan coci na buɗe. Kalma huɗu: "Talata ina nan tasha."

Shi ke nan? Ba "na ji", ba "sannu"? Na karanta ya fi sau ashirin. Na ce lallai so yake ya ji daga bakin likita don ya samu hujjar da zai kai wa uwarsa. Da na faɗa wa Mama abin da na yi, taɓaryar hannunta ta saki.

"Kin kashe mu, Sisiliya! Wata uku ya rage! Wata uku kacal ba za ki iya riƙe bakinki ba?"

"In na riƙe, Mama, ranar da na faɗi a tsakar gidan Mama Veronica fa?"

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, amma ran Talata ta riga ni ɗaura zane. Na ga ta jefa kofina a jaka kamar kullum.

Yana nan a tasha, cikin farar rigarsa ta zuwa coci. Ya durƙusa ya gaishe da Mama, ta amsa da ƙyar tana kallon wani wuri. Ya shiga gaba kusa da direba, mu muna baya. Har Zariya bai waiwayo ba. Ni kuwa ƙeyarsa nake kallo ina yi mata ban kwana.

Da aka kira mu, ni da Mama muka shiga. Teburin likita ya cika da kwalaye, har ya fara haɗa kaya.

"Sannunku da zuwa. Ta faɗi a makon nan?"

"A'a," na ce.

"To wa kuka kawo mini?"

Mama ta sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan roƙe shi ya ba ni ko wane iri ne, ko na ka ɗin ne, sai na ji murya daga bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ni na gani."

Ilisha ne, hularsa a hannu.

"Shigo. Yaushe?"

"Bara, watan Maris. Ina cikin rake ina sara, ta zo wucewa da kwano a kai. Sai ta tsaya cak."

Na kama gefen kujera.

"Ta tsaya, sai me?" Likita ya jawo takarda.

"Ta ƙura wa wuri ɗaya ido, tana motsa baki kamar mai tauna. Na yi mata sannu ba ta ji ba. Sai hannunta na hagu ya kama murza bakin zane."

"Ka tabbata na hagu?"

"Na hagu. Da na dama take riƙe da kwano. Sai kanta ya juya, ta sandare, ta faɗi. Sannan duk jikin ya ɗauka."

"Idonta?"

"A buɗe."

"Ka sa mata wani abu a baki?"

"A'a. Na ga miyau na sarƙe ta, sai na juya ta gefe, na sa mata buhu a kai kada ta bugu."

"Madalla. Ya kai minti nawa?"

Ilisha ya sosa kai. "Ba ni da agogo. Amma na karanta Addu'ar Ubangiji sau huɗu kafin ta lafa."

Likita Ashafa, Musulmi da tabon salla a goshi, ya ɗago hannunsa ya dubi agogo. "Karanta mini sau ɗaya, yadda ka karanta ranar."

Nan a tsakiyar kwalaye Ilisha ya rufe ido ya karanta, da sauri, muryarsa na karkarwa. Mama ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye na bin yatsunta.

"Wajen minti biyu ke nan," in ji likita, yana rubutu kamar biron zai tsage takardar. "Yanzu na san da wa nake faɗa. Daga wuri ɗaya yake tashi a ƙwaƙwalwa sannan ya bazu. Akwai maganin da ya fi dacewa da irinsa. Ba zan ce miki ya warke gobe ba, kullum za ki sha, shekara da shekaru, ba fashi. Amma da yawa masu irin naki sun daina faɗuwa." Ya rubuta wata takardar zuwa ga wanda zai riƙa duba ni bayansa, da wata zuwa ga Malam Lawal. Sannan ya dubi Mama. "Kuma ba a ɗaukarsa, Mama. Ba ta miyau ba, ba ta kwano ba, ba ta numfashi ba. Ko a gaban wa zan faɗa."

Muka fito. Na zauna a gindin wata bishiyar darbejiya inda wata mata ke sayar da kunun zaƙi. Na kasa kallonsa, amma bakina ya ƙi yin shiru.

"Me ya sa ka gudu ranar?"

"Ban gudu ba. Da na ga kin fara motsi na koma cikin rake. Na san in kika farka kika gan ni, ba za ki ƙara haɗa ido da ni ba. Ina biye da ke daga nesa har kika shiga gida."

Maris. Na ƙirga a raina. Ranar Ista ta shekarar aurena ya fara sallama a ƙofar gidanmu, da mazarƙwaila a ƙunshe. Ashe duk rawar ƙafar da muke yi, duk dakan Mama, duk ƙaryar kayan ɗaki, mutumin nan ya san abin da yake nema tun kafin ya buɗe baki.

"Shekara ɗaya da rabi ka yi shiru?" na ce. Haushi da kunya da wani abin da ban san sunansa ba suka haɗe mini. "Ka bar ni ina mutuwa a tsaye?"

"Jira nake ki faɗa da bakinki," ya ce. "Na yi kuskure da na daɗe. Ki yafe mini."

Mama, don dai ta sama wa hannunta abin yi, ta ciro kofina daga jaka ta miƙa wa mai kunu. Aka cika, na kurɓa sau biyu. Kafin in sauke, Ilisha ya karɓe shi daga hannuna, ya juyo daidai inda na sa baki, ya shanye tas. Ya miƙa aka sake cikawa, sannan ya durƙusa a gaban Mama, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Mama, rana ta yi zafi. Ki jiƙa maƙoshi."

Mama ta dubi kofin. Ta dubi jan zaren da ita da kanta ta ɗaura shekara biyar da suka wuce, har ya koɗe. Sannan ta karɓa. Ta ɗago ta kalle ni, ido cikin ido, irin kallon da na manta rabon da ta yi mini.

Ta sha. Ta sha har ƙasa, ta goge baki da bayan hannu, ta sa haƙori ta tsinke zaren.

Sannan ta juya ga Ilisha, muryarta a dushe.

"To, ɗana. Cikinmu wa zai faɗa wa Veronica?"

Ilisha ya buɗe baki, na riga shi.

"Ni," na ce. "An gama rufe ni da zane."